Zuwa ga ƙanena mai son karatun cikon yashi a teku

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka tun ranar Laraba, sai yau na samu zama. Ka ce ka gama digirin injiniyan gine-gine a Bayero, kana gida wajen Ringim kana taya Baba girbi, kuma wani malaminka ya ba ka shawarar neman digiri na biyu a nan Holan kan bambancin ƙasa a cikon yashin da ake yi cikin teku. Baba kuma ya tambaye ka me ya rage ba a sani ba a yashi, har mutum zai ƙetare ruwa dominsa, ka rasa ta cewa. Tambayarsa tana kan hanya, kuma kusan rabin amsar yana wurinsa.

Ana ɗauka tunda mutum ne ya zuba, ciko zai fito bai ɗaya. Sam ba haka yake ba. Jirgin yasa yana zuƙo yashi haɗe da ruwa daga ƙasan teku, ya zo ya buɗe cikinsa ya zazzage, ko ya feso ta gaba, ko ya tura ta bututu, kuma kowace hanya da irin kwanciyar da take ba yashin. Ka tuna shiƙar gero a masussuka: tsaba tana zuba kusa da ƙafar mai shiƙa, ƙaiƙayi iska ta kai shi can gefe. Abin da ruwa yake yi ke nan. Mai kaushi ya faɗi a bakin bututu, mai laushi da laka su gangara su taru a kwari. Gobe a matsar da bututun a sake zubawa a kai. Wanda ya kwanta a ƙarƙashin ruwa yakan zauna sako-sako, kamar hatsin da aka zuba a tiya ba a girgiza ba, na saman ruwa kuwa ya fi danƙaruwa. Daga sama fili ne sumul, ciki kuwa hawa-hawa ne.

Sako-sakon nan shi ne abin tsoro, kuma ka san shi tun kana yaro. A bakin kogi idan ka taka jiƙaƙƙen yashi mai ƙarfi, sai ka ga gefen sawunka ya bushe. Amma akwai inda in ka yi ta bubbuga ƙafa, ruwa zai taso, wurin ya koma kamar kunu har ka fara nutsewa. Wannan ne ya faru a Nerlerk, cikin Tekun Beaufort na arewacin Kanada, a 1983. Ana tara tudun yashi a ruwa mai zurfin kusan mita 45 don ɗora ma'aikatar haƙar mai, gefunansa suka yi ta zabtarewa ba tare da girgizar ƙasa ba, har aka haƙura da aikin. An daɗe ana muhawara kan dalili. Nazarin da Michael Hicks, wanda daga baya ya zama farfesa a jami'ar Delft ta nan Holan, ya fitar tare da abokin aikinsa a 2005 ya nuna cewa ko da yawancin cikon yana da ƙarfi, sassan da suka yi rauni suna iya haɗa layi su ja tudun ƙasa.

Ni ma sai da na ji a jikina kafin darasin ya zauna. Babban abin awonmu shi ne CPT, sandar ƙarfe mai tsini da ake turawa cikin ƙasa santimita 2 kowace daƙiƙa, tana nuna tsananin turjiyar da ta tarar. A shekarata ta farko na haɗa sakamakon ramuka da yawa, na fitar da matsakaici, na rubuta cewa wurin lafiya lau. Wata dattijuwar injiniya ta shimfiɗa takardun a jere kan tebur, ta ɗora fensir a wani ɗan lanƙwaso na layin awon da bai kai kamu ɗaya ba, ta bi shi daga rami zuwa rami. Shimfiɗar laka ce siririya ta ratsa filin, lissafina ya haɗiye ta. Ba ta yi min faɗa ba, amma na kwana ina jin nauyin abin, domin mutane ne za su yi aiki a kan wurin.

Aikin yana da kasuwa. Filin Maasvlakte 2 da aka ƙara wa tashar jiragen ruwan Rotadam tsakanin 2008 da 2013 ya ci yashi kusan kubik mita miliyan 240, ga tsibirin Palm Jumeirah a Dubai, ga Eko Atlantic a Legas. Ni dai abin da ya fi taɓa zuciyata na kusa ne. Jingar da mutanen Auyo da Ringim suke tarawa kowace damina don tare kogi ciko ce ita ma, kuma inda aka zuba ƙasa ba a daddale ba, nan ruwa yake fara samun ƙofa.

Saboda haka ina goyon bayanka, amma ka shirya. Ka koma kan darasin ƙarfin ƙasa da lissafin ƙididdiga, ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ko a wayarka ce, ka ci jarrabawar Turanci ta IELTS. Kuɗin makaranta a Delft ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ya haura yuro 20,000 a shekara, ɗaki kuma wahalar samu gare shi ƙwarai. Don Allah kada a sayar da gonar fadama saboda wannan tafiya. Ka nemi tallafin karatu, in bai samu bana ba ka kama aiki da masu gwajin ƙasa a Kano ko Legas, ka sake nema baɗi.

Kafin nan, ka roƙi Baba ya zaga da kai gonar jigawa, ya nuna maka inda gero yake tsumburewa da inda ruwa yake kwanciya. Ka haƙa rami ƙafa huɗu a kowanne, ka ɗauki hoton bangon ramin, ka turo min mu duba tare. Ka gaishe min da shi da Inna.