Ina son rubuta waƙa da gajeren labari, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji ɗaya a jami'a, kuma an ba mu kwas na ƙirƙirarren rubutu. Idan na rubuta waƙa sai a ce ba ta reruwa, idan na fara gajeren labari kuma sai ya miƙe ya ƙi ƙarewa. Wanne zan fara koya, kuma yaya zan gyara waɗannan matsaloli?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki riƙe su duka biyun, amma ki ba waƙa watan farko, domin ita ce za ta horar da kunnenki, kuma kunnen da ya horu shi ne zai gyara miki jimlolin labari daga baya.

Waƙar da ta ƙi reruwa, kusan kullum karinta, wato ma'auninta, shi ne ya karye. Rubutacciyar waƙar Hausa ta gaji ma'auninta daga arulin Larabci, wanda Khalil bin Ahmad ya tsara, mai karuruwa goma sha shida idan an haɗa da wanda aka ƙara bayansa. Ba sai kin haddace su ba. Abin da ake aunawa shi ne nauyin gaɓa. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ru" na ruwa. Mai nauyi kuwa ko dai tana da dogon wasali, ko tagwan wasali kamar "yau", ko kuma baƙi ya rufe ta kamar "san" na sanyi. Inda masu koyo suke tuntuɓe shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saɓanin ajami da yake nunawa. Idonki zai ga "ya" iri ɗaya a "ruwa ya zubo" da "ruwan da ya zubo", alhali na farko dogo ne, na biyu gajere. Saboda haka da baki ake auna waƙa, ba da ido ba.

Ki fara da kari guda ɗaya, Mutaƙarab, domin ƙafarsa ɗaya ce take ta maimaituwa: gaɓa marar nauyi, sai masu nauyi biyu, wato fa'uulun. Ga baiti da aka gina a kansa, ƙafa huɗu a kowane ɗango, wato layi:

Ruwa ya zubo yau, gari ya yi sanyi,
Manomi da garma a kai, babu nauyi.

Ki yanka ɗangon farko haka: ru-wa-ya, zu-bo-yau, ga-ri-ya, yi-san-yi. Ki buga tafin hannu a cinya kina faɗa, bugu mai sauƙi ɗaya, masu ƙarfi biyu. Yanzu ki cire "zubo" ki sa "sauka". Ma'ana ba ta canza ba, amma za ki ji harshenki ya harɗe, domin "sau" mai nauyi ce ta zauna a gurbin marar nauyi, "ka" kuma ta faɗa gurbin mai nauyi. Wannan harɗewar ita ce abin da mai sauraro yake nufi idan ya ce waƙarki ba ta reruwa. Maganinsa ki nemi wata kalmar ko ki sauya jerin kalmomin, kada ki ja wasalin da ba dogo ba don ki cike gurbi, domin a Hausa jan wasali yana iya sauya ma'ana.

Sai amsa-amo. A 'yar ƙwar biyu, wato waƙa mai ɗango biyu a kowane baiti, babban amsa-amo shi ne gaɓar da take rufe kowane baiti daga farkon waƙa har ƙarshe. Kafin ki rubuta ko ɗango ɗaya, ki zaɓi gaɓar, ki jera kalmomi ashirin da suke ƙarewa da ita. Idan kin kasa samun goma, ki sauya. Wanda ya zaɓi gaɓa mai ƙarancin kalmomi, kafin baiti na shida zai fara cusa kalmar da ba ta da alaƙa da jigo don kawai ta yi amo, kuma mai sauraro yana ganewa nan take. Ki bar 'yar ƙwar biyar da tahamisi, masu ɗango biyar a kowane baiti, tukuna, domin suna buƙatar ƙaramin amsa-amo a cikin kowane baiti bayan babban. Baiti goma na ƙwar biyu a mako ya ishe ki. Akwai masu rubuta waƙa ba kari ba amsa-amo, kuma wasunsu suna yin abin kirki, amma ra'ayina shi ne ki iya ƙa'idar kafin ki ajiye ta.

Game da jigo, ki guji waƙa a kan "rayuwa" ko "duniya" gaba ɗaya. Ki ɗauki abin da idonki ya gani: layin ɗibar ruwa a ɗakin kwanan ɗalibai, ko tashar mota ranar komawa hutu.

Labarin da ya ƙi ƙarewa kuwa, ciwonsa daga mafari yake. Yawancin masu farawa suna buɗewa da asalin tauraruwa, garinsu, iyayenta, kyawunta, sai a cinye shafi uku ba abin da ya faru. Wannan zubin littafi ne. Gajeren labari yana ɗaukar mutum ɗaya, da abu ɗaya da yake so, da abu ɗaya da ya tare masa hanya, a cikin ɗan lokaci, kwana ɗaya ko ma awa ɗaya. Kafin ki fara, ki rubuta labarin a jimla guda. Misali: ɗaliba ta dawo hutu ta tarar an sayar da akuyar mahaifiyarta, ta gane da kuɗin aka biya mata rajista. Idan jimla ɗaya ta kasa ɗaukarsa, labari biyu ne kika haɗa, ki raba su. Ki buɗe da shigarta gida, ba da ranar haihuwarta ba. Mutane uku sun isa, kalmomi 1,000 zuwa 1,500.

A nan ne aikin yake da daɗi, kuma a nan ake gane marubuci. Kada ki ce "Inna ta yi baƙin ciki ƙwarai". Ki ce Inna ta ɗauki tsintsiya tana share gindin turken, ko da yake babu abin sharewa. Mai karatu zai ji ciwon da kansa. Haka zance: mutanenmu ba sa faɗin abin da yake ransu kai tsaye, musamman tsakanin uwa da 'yar fari. Idan yarinyar ta ce "Inna, ina akuyar?", amsar da ta fi kama da gaskiya ita ce "Kin ci abinci kuwa?" Wannan kawaicin ya fi doguwar hudubar sadaukarwa ƙarfi. Gaisuwa kuma ki taƙaita ta, layi ɗaya ya wakilci sauran. Ki tsaya a idon mutum ɗaya; idan ta idon yarinyar muke kallo, ba mu da ikon sanin abin da Inna take saƙawa a zuci sai ta abin da hannunta da fuskarta suka nuna. Idan abin da ake jira ya faru, ki ajiye alƙalami, kada ki ƙara sakin layi na darasi.

Bayan kin gama, ki ajiye rubutun kwana uku, sannan ki karanta shi da ƙarfi. Duk inda numfashinki ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Ki yi niyyar zubar da kashi ɗaya cikin biyar. Ki duba ƙa'idojin rubutu: "ya ce" ba "yace" ba, "shi ne" ba "shine" ba, kuma ki sa ƙ da ɗ da ɓ a inda suke, tunda "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne. Gboard yana da allon Hausa mai waɗannan haruffa.

Ki nemi abokan karatu biyu ko uku ku riƙa haɗuwa duk mako, kowa ya karanta nasa. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki ce su nuna miki inda hankalinsu ya fita, da ɗangon da ya harɗe musu. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, tana da rassa a jihohi, ki bincika na jiharku. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, wuri ne da za ki iya gwada labarinki idan ya nuna, sai dai ki karanta sharuɗɗan shekarar da kyau kafin ki tura, musamman adadin kalmomi da ranar rufewa.