Carlos Paredes: Makaɗin Fotugal da Ya Yi Suna Ba Tare da Rera Waƙa Ba

Tambaya:

Assalamu alaikum. Malam, kwanakin baya na ci karo da kiɗan wani mutumin Fotugal mai suna Carlos Paredes a YouTube, yana kaɗa wata irin jita mai zagayayyen ciki, kuma daga farko har ƙarshe bai rera ko baiti ɗaya ba. A ƙarƙashin bidiyon an rubuta cewa gwamnati ta taɓa ɗaure shi, kuma da ya rasu an yi masa zaman makoki na ƙasa. Abin ya ɗaure mini kai, domin a wurinmu mawaƙi ne yake yin suna, makaɗi kuwa yana bayansa. Wane ne wannan mutum, me ya kai shi kurkuku alhali bai zagi kowa a waƙa ba, kuma da me ya kai wannan matsayi? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma a Fotugal ma haka al'adar take kafin gidan su Paredes su sauya ta. An haifi Carlos Paredes a birnin Coimbra ranar 16 ga Fabrairu, 1925, ya rasu a Lisbon ranar 23 ga Yuli, 2004, yana da shekara 79. Game da ɗaurin da ka tambaya, siyasa ce ta jawo masa shi, domin ɗan Jam'iyyar Kwaminisanci ta Fotugal ne a zamanin da aka haramta ta. Darajarsa kuwa ta samo asali ne daga yadda ya fitar da jitar ƙasarsu daga bayan mawaƙi ya tsayar da ita a gaba, har mutane suka riƙa cika zaure don su saurare ta ita kaɗai.

Jitar da ka gani ita ake kira jitar Fotugal, kuma ta sha bamban da jitar da aka saba gani a hannun mawaƙan zamani. Tsirkiyoyinta goma sha biyu ne na ƙarfe, an jera su biyu-biyu, cikinta zagayayye, sannan a samanta akwai wani ƙarfe mai siffar mafici inda ake murɗa kusoshin da suke ɗaure tsirkiya. Da yatsu biyu kawai ake kaɗa ta, babban yatsa da manuniya, kowanne an ɗaura masa farcen aro, wanda a da ake yi da ƙoƙon kunkurun teku, yanzu kuma da roba. Asalin aikinta shi ne raka mawaƙan fado, wato waƙar bege da kewa da aka san Fotugal da ita, wadda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2011. Fado iri biyu ne. Akwai na unguwannin talakawan Lisbon, akwai kuma na Coimbra, wanda ɗaliban tsohuwar jami'ar birnin suke rerawa da dare sanye da baƙaƙen alkyabbu, kuma bisa al'ada maza ne kaɗai suke yin sa. Jitar Coimbra ta ɗan fi ta Lisbon tsawon wuya, ana kuma saita tsirkiyoyinta ƙasa kaɗan, shi ya sa muryarta ta fi kauri da nauyi. Irin wannan ce Paredes ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Kiɗan gado ne a gidansu. Kakansa Gonçalo Paredes makaɗin jita ne, mahaifinsa Artur Paredes kuwa, wanda aka haifa a 1899 ya rasu a 1980, shi ne ake ɗauka uban salon Coimbra na zamani. Artur ya zauna da masassaƙan jita na gidan Grácio suka gyara girmanta da siffarta domin ta ƙara amo, ya kuma fara tsara kiɗa wanda ba ya jiran muryar kowa. Idan za a yi adalci, uban ne ya share fili, kuma masu rubutu kan ɗan sukan yi saurin tsallake wannan. Carlos ya fara taɓa jita tun yana ɗan shekara huɗu, an kuma koya masa piyano da gogen Turawa. A 1934 iyalin suka koma Lisbon, inda daga baya ya riƙa kiɗa tare da mahaifinsa a wani shiri na gidan rediyon ƙasa.

A 1949 ya kama aikin gwamnati a Asibitin São José da ke Lisbon, a ma'ajiyar hotunan ƙashi da na ƙirji, inda aikinsa shi ne jera su da nemo su idan likita ya buƙata. Ƙasar a lokacin tana hannun António Salazar, wanda ya riƙe mulki daga 1932 zuwa 1968 da jam'iyya ɗaya da tace jaridu da 'yan sandan ciki da ake kira PIDE. A 1958, shekarar da Janar Humberto Delgado ya tsaya takarar shugaban ƙasa ya girgiza gwamnati, aka tsananta kame, kuma a watan Satumba aka kama Paredes bayan wani abokin aikinsa ya kai sunansa. An tsare shi a gidajen yarin Aljube da Caxias fiye da shekara guda, aka sake shi a ƙarshen 1959, sannan aka kore shi daga aikin gwamnati, ya koma tallan magunguna ga likitoci domin ya ci abinci. Waɗanda aka tsare tare da shi sun ba da labarin cewa yakan yi ta kai da komowa a ɗaki yana motsa yatsunsa a iska, har wasu suka zaci ya taɓu, ashe kiɗa yake tsarawa a ka tunda an raba shi da jitarsa.

Sunansa ya fito fili ne ta hanyar fim. A 1963 darakta Paulo Rocha ya fitar da Os Verdes Anos, labarin wani saurayi da ya baro ƙauye ya zo Lisbon koyon gyaran takalma, ya ƙulla soyayya da wata 'yar aikin gida, birni ya fi ƙarfinsa, al'amarin ya ƙare da kisa. Paredes ne ya tsara kiɗan fim ɗin, kuma babban kiɗan da ke cikinsa ya zarce fim ɗin shahara, har yau da wuya ka sami ɗan Fotugal da bai san shi ba. Dalilin karɓuwarsa a bayyane yake, domin a shekarun nan dubban matasa suna barin ƙauyuka zuwa Lisbon ko Faransa, wasu kuma ana tura su yaƙi a Angola da Gini Bisau da Mozambik, yaƙin da aka fara a 1961 ba a gama ba sai bayan faɗuwar gwamnatin. Kowane gida yana da wanda ya tafi.

Faifansa na farko mai tsawo, Guitarra Portuguesa, ya fito a 1967, na biyu kuma, Movimento Perpétuo, a 1971, kuma a duka biyun Fernando Alvim ne yake raka shi da jita mai tsirkiya shida. Idan ka saurare su da abin sauraro a kunne za ka ji abubuwan da suka bambanta shi. Yakan danne tsirkiya ya girgiza ta har sautin ya riƙa rawa kamar muryar mai shirin kuka, sai kuma nan take ya kwararo da sautuka a guje da yatsu biyun nan, abin da ya sa aka yi masa laƙabi da mai yatsu dubu. Ba ya bin awon kiɗa sau da ƙafa, yakan ja shi ya sake shi yadda ransa ya so, wanda hakan ya sa raka shi ya zama aiki mai wuya, kuma Alvim ya cancanci yabo fiye da wanda ake ba shi. A tsakanin sautukan kana jin numfashinsa a faifan, domin yakan sunkuya ya rungume jitar har fuskarsa ta kusa taɓa ta.

Kada ka ɗauka cewa rashin kalmomi ya hana kiɗan nasa faɗin wani abu. Bahaushe ya san take, inda ganga ko kakaki suke ambaton mutum ba tare da an buɗe baki ba, duk wanda ya san zancen kuma ya gane. Masu sauraron Paredes sun san inda ya kwana a 1958, sun san kuma gwamnati tana son a nuna fado a matsayin waƙar haƙuri da ƙaddara, saboda haka da suka ji jitar ta ƙi zama a baya tana amshi, tana tashi da fushi tana sauka da kewa, sai suka fahimce ta yadda suka fahimce ta. Masu tace waƙoƙi kuwa ba su da baitin da za su ja wa jan layi. Duk da haka ina ganin kuskure ne a mayar da shi makaɗin zanga-zanga kawai, domin kiɗan nasa ya ci gaba da ratsa mutanen da ba su san komai game da Salazar ba, kamar yadda ya ratsa ka.

Bayan juyin mulkin sojoji na 25 ga Afrilu, 1974, wanda ya kifar da gwamnatin Marcelo Caetano magajin Salazar, an mayar da Paredes bakin aikinsa a asibitin, ya koma jera hotunan ƙashi duk da cewa sunansa ya riga ya kai ƙasashen waje. An rawaito cewa ya sake haɗuwa da wanda ya kai sunansa a wurin aikin, bai kuma nemi ramuwa ba. An kuma rawaito yana cewa yana son kiɗa fiye da yadda zai iya mayar da shi abin cin abinci. Wasu suna ganin wannan tawali'u ne da ya yi yawa, ni kuwa ina ganin akwai lissafi a ciki, domin wanda yake da albashi ba ya buƙatar fitar da faifai kowace shekara don biyan kuɗin haya, kuma ƙarancin faifansa yana cikin abin da ya sa da wuya ka sami na banza a cikinsu. Asarar da ke ciki ita ce shekarun ƙarfinsa da yawa sun tafi a ma'ajiya.

A 1975 ya yi faifai tare da marubucin waƙoƙi Manuel Alegre, a 1983 aka fitar da wasan da ya yi a Frankfurt ta Jamus, a 1990 kuma ya yi faifan haɗin gwiwa da makaɗin jazz na Amurka Charlie Haden. A shekarunsa na ƙarshe a fage Luísa Amaro ce take raka shi. A ƙarshen 1993 likitoci suka gano yana da ciwon laka, wanda ya kashe masa hannuwa ya raba shi da jita har kusan shekara goma sha ɗaya, yana kwance a wani gidan kula da marasa lafiya a Lisbon har Allah ya karɓi ransa. Gwamnati ta ayyana makokin ƙasa, kamar yadda ka karanta, a 2025 kuma aka yi bukukuwan cikarsa shekara ɗari da haihuwa.

Idan kana son ka ƙara saurare, shawarata ita ce ka fara da faifan 1967 domin ka ji kusancinsa da salon mahaifinsa, sannan ka wuce zuwa na 1971 inda ya fi sakin hannu. Faifan da ya yi da Haden ka bar shi zuwa ƙarshe, domin mutanen biyu sun fito daga al'adun kiɗa mabambanta, a wurare da dama kuma za ka ji Haden ne yake lallaɓawa yana bin sa.