Amsa ga ƙanwarmu mai tsoron lissafi

Ƙanwata, na karanta tambayarki. Kin ce jarrabawar birbe ta ƙarato, kuma da zarar mushe, malaminku, ya kira ki tablo, gaban allo, sai gabanki ya faɗi, abin da kika hardace jiya ya watse, har kin fara cewa ba ki da kan lissafi. Na daɗe ina zama da yaran unguwarmu nan Maradi muna bita da dare, kuma wannan magana ta "ba ni da kai" ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Ki shiga babbar kasuwa ki tsaya wajen mai gyaɗa. A jikin kuɗi an rubuta 500, ita ta ce dala ɗari. An miƙa mata 750, ta ce ɗari da hamsin. Wuni take tana raba lamba da 5 a ka, ta auna tiya uku da rabi, ta mayar da canji daidai. Ke ma haka kike yi in an aike ki. To y = 5x da ke firgita ki a kaye, littafin rubutunki, ita ce wannan, x dala ce, y tamma, wato lambar da ke jikin kuɗi.

Inda matsalar take, ana ba ku doka da Faransanci, ku hardace, ba a ce muku don me ba. Ga kunyar ƴan aji. Tsoro kuwa in ya shigo, shi ke cinye ɗan wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe lambobi yayin aiki, shi ya sa a gida kike iyawa, a tablo ki kasa.

Ɗauki (a+b)² da kuke rerawa. Zana fili mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 13. Raba gefen biyu, 10 da 3, wato a da b, ki ja layi tsaye da kwance. Kin samu yanki huɗu: babba mai 100, dogaye biyu masu 30 kowanne, da ɗan ƙarami mai 9 a lungu. Haɗa su, 169. Dogayen nan biyu su ne 2ab da yara ke mantawa kullum. Yaron da ya zana wannan da hannunsa ban taɓa ganin ya sake zubar da ita ba. A wurina lissafi ke nan: neman dalilin da ya sa abu dole ya zama haka.

Kowane dare ki ɗauki tambaya ɗaya daga tsofaffin jarrabawar birbe, ki rufe kaye, ki yi fama da ita kafin ki duba gyara. In kin gama, ki bayyana wa ƙanenki da Hausa. Inda bakinki ya tsaya, nan ne ba ki gane ba, shi za ki kai wa mushe gobe. Ran jarrabawa ki fara da wadda ta fi sauƙi, hannu ya sake tukuna.

Kuma kada wani ya ce miki ilimin nan na Turawa ne. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ga irin aikinsa ki gwada yau: gida tara, ki jera 1 zuwa 9 yadda tsaye, kwance da karkace duk za su ba da 15. In kin samu, ki gaya mana lambar da ta zauna tsakiya, da abin da ya hana wata zama wurin.