Tambaya da Amsa: In Sauya Farfelar Alminiyam da ta Sitenles?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwale-kwale mai inji mai ƙarfin doki 40, ina ɗaukar mutane da kaya a kogi. Da rani ruwan yakan ja baya, duwatsu da kututture su matso sama. Bana kaɗai farfela biyu na lalata, duka na alminiyam. Wani abokin sana'ata ya ce in sayi ta sitenles, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, in huta, har ma gudu zai ƙaru. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma a irin ruwan da ka kwatanta ni dai ba zan ba ka shawarar sauyawa ba.

Sitenles ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake iya yin fukafukanta sirara, ba sa lanƙwasa idan inji ya ɗau nauyi, kuma yashi ba ya cinye bakinsu da wuri kamar na alminiyam. Mai babban inji, kamar doki 150 zuwa sama, da ke gudu a ruwa mai zurfi, zai ji bambanci wajen tashi da gudu da shan kwana. A inji mai doki 40 ɗauke da kaya kuwa, ƙarin gudun kaɗan ne.

Ga inda hankalina yake. Idan farfela ta daki dutse, dole wani abu ya sha dukan. Alminiyam mai laushi ne, fiffike ya lanƙwashe ko ya ɓalle, ka kwance ka ɗaura wata, aiki ya ci gaba. Sitenles ba ta saurin ba da kai, don haka dukan yakan wuce zuwa sandar da take ɗaure a kai da haƙoran giya. Akwai roba a tsakiyar farfela da aka sa don ta sulluɓe ta rage dukan, tana kuwa taimakawa, sai dai ba kullum take isa ba. Na taɓa kwance wani inji da farfelarsa ke ƙyalli kamar sabuwa bayan ta daki dutse, amma sandar ta karkace, sil, wato robar da ke hana ruwa shiga giya, ya buɗe, ruwa ya shiga, man giya ya koma fari kamar madara. Mai shi ya yi makonni bai shiga ruwa ba, abin ya tsaya mini a rai. Farfela biyun nan da ka rasa, wataƙila su ne suka fanshi giyarka.

Idan gudu da jan kaya ne damuwarka, fara duba lambobin da ke jikin farfelar. Za ka ga kamar 11 x 13. Ta farko faɗinta ne da inci, ta biyu takunta, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. Kowane inji yana da iyakar juyin da kamfani ya tsara masa idan an buɗe wuta gaba ɗaya, yana rubuce a littafinsa. Da yawa daga injina masu doki 40 suna faɗawa tsakanin 4500 zuwa 6000 a minti. Sa makaniki ya auna maka da irin kayan da ka saba ɗauka. In injin bai kai ba, takun ya yi masa yawa, yana wahala yana shan mai a banza. Rage takun da inci 1 yakan ƙara juyi wajen 150 zuwa 200. Sau da yawa wanda ya zo mini yana neman sitenles, wannan ce matsalarsa.

In kuma wata rana ka koma ruwa mai zurfi, ko mai yashi zalla ba dutse, to sitenles ta cancanci kuɗinta. Sai ka tuna ta fi nauyi sosai, domin ƙarfen ya kusa ninka alminiyam sau 3, kuma sau da yawa takan ɗan rage juyin inji ko da lambar takunta daidai take da ta alminiyam ɗin, don haka a sake aunawa. A ruwan gishiri tana sa jikin injin na alminiyam ya fi saurin cinyewa, sai ka riƙa lura da ɗan guntun tutiyar nan da ke manne a ƙasan inji don shi ya cinye a madadin jikin injin, in rabinsa ya cinye ka sauya shi, kada kuma a shafa masa fenti.

A yanzu dai, riƙe alminiyam ɗinka. Ajiye ta biyu a cikin jirgi tare da noti da fil da sifana. Inda ruwa ya yi ƙasa ka rage wuta ka ɗan ɗaga inji. Lokaci-lokaci ka cire farfelar ka shafa wa sandar giris, ka kwance zaren fatsa ko na raga da ya naɗe a bayanta, domin shi ma yana yanka sil.