Ɗorawar Iya da burtalin garinmu

Maigidana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini har sau biyu. Da fari na yi dariya, da ta maimaita kuma sai jikina ya yi sanyi. Ka ce masu gina rukunin gidaje sun saye gonakin gabas da garinmu, ku matasa kun kafa kwamiti don kada a haɗa da dandali da burtali da tsohuwar ɗorawar nan. Kana tambaya wai a al'ada su na wa ne, kuma ina takardarsu. Takardar ɗorawa! Allah Sarki.

Kai ka buɗe ido ka ga Rijiyar Zaki da Ɗorayi unguwanni ne a cikin Kano. Mu da gonaki muka san su. Ka saurari sunayen ma: Ɗorayi jam'in ɗorawa ne, ga Kurna, ga Rimin Gata. Kafin sabuwar Jami'ar Bayero ta zauna a hanyar Gwarzo, da asuba jakunanmu ke shiga ta Ƙofar Kabuga ɗauke da itace da kara, su dawo da mangala cike da takin birni. Baffa yakan ce birni yana cin gona, gona tana cin sharar birni, ba wanda ke bin wani bashi.

Ɗorawar nan da kake magana, an taɓa zuwa mata da gatari. Bazarar 1973 ce, shekarar da aka bar fam aka koma naira, ga fari ya ci amfanin gona, kowa a matse. Wani ƙanen Baffa ya sayar da gonarsa ga wani attajiri ɗan birni. Ranar da mutumin ya turo masu sara, ranar ce ake daɓen ɗakin da za a kai ni. Mata sun cika gidan tun hantsi, an zuba marmara, an yayyafa ruwa, kowace ta durƙusa da madaɓinta, ana bugawa ana waƙa, har ƙasa tana amsawa. Makubar da za a zuba ma daga ɓawon 'ya'yan ɗorawar nan aka jiƙa ta. Ni ina lulluɓe a ɗakin gwaggona sai na ji kiɗan madaɓi ya ɗauke ɗif. Wani yaro ne ya shigo a guje yana cewa ga mutane can za su sare ɗorawar Iya.

Iya kakata ce, ta wajen uba, a lokacin da ƙyar take gani. Ba ta yi hayaniya ba. Sandarta ta ɗauka ta fita, matan daɓe suka bi ta da madaɓansu a hannu, ƙafafu duk jar ƙasa. Ni ma na saci jiki na leƙa ta danga, amarya guda, har yau ina jin kunyar abin. Ta je ta zauna a kan saiwa ta miƙe ƙafa. Masu gatari suka yi cirko-cirko, don babu ɗan halak da zai ɗaga ƙarfe a kan tsohuwa. Aka aika wa mai unguwa, shi kuma ya aika wa dagaci. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a gindin itacen, attajirin ma ya iso a kan babur.

Dagaci ya tambayi dattawa yadda aka raba gadon kakanmu. Suka ce gona ta faɗa wa ƙanen Baffa, ɗorawa kuma aka bar wa Iya, ta ci kalwarta ta yi daddawa. Sai ya dubi baƙon ya ce, Alhaji, ƙasa ka saya, ba ka sayi itace ba. Burtali kuwa ya ce ko shi ba shi da ikon sayarwa, don hanyar shanun Fulani ce, ranar da aka toshe ta cikin gonaki shanun za su faɗa, faɗa ya tashi. Attajirin mutumin kirki ne, ya ce a yafe masa, bai sani ba. Har ya ba da gudummawar biki. A shekarar nan garin ɗorawar ya riƙe cikin yara da yawa, ana dama musu su sha.

Ka ga ranar babu wanda ya fito da takarda. Mutane ne suka fito. Iya takan ce abin da ake zama a gindinsa ba ya faɗuwa. To ku yaushe rabonku da zama a dandalin? Sai da sallah kuke leƙa garin, ku yi hoto ku juyo. 'Yan kwamitin naku, su nawa ne ba su yanka gonar ubansu fuloti-fuloti sun miƙa wa dillalai ba? Awon igiya, lungu ko motar ɗaukar mara lafiya ba ta shiga, an cike kududdufi an yi gini a kai, damina ta zo ruwa ya rasa wurin zuwa sai ɗakunan mutane. Ba na ce kada a yi gini ba, jama'a sun yi yawa, kowa yana son inda zai sa haƙarƙarinsa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Babanka ya sha gaya mini tun dokar ƙasa ta 1978 filin birni yana hannun gwamna, saboda haka zancen takarda ku kai wa masu ilminsa. Amma kada ku tsallake mai unguwa da dagaci ku ce hakimi za ku gani, ba a shiga gida ta kan katanga. Ku nemi tsofaffin da suka san iyaka tun suna da rai, ku zaga da su ƙafa da ƙafa. Maƙabarta kuwa ku fara kewaye ta kafin komai, Iya da Baffa suna ciki.

Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci, akwai mutum biyu da suka zauna a tabarmar nan da har yanzu suna nan, zan faɗa maka gidajensu. In ka je, ka duba mini ko ɗorawar ta yi 'ya'ya bana.