Ga 'yar uwar da aka ce ta ajiye folik asid

Salamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce kina neman haihuwa, sai yayarki da ke Amurka ta ce ki ajiye folik asid, wato ki daina shansa, wai masu matsalar MTHFR jikinsu ba ya sarrafa shi. Don Allah kada ki ajiye. Na daɗe ina aikin ungozoma a nan Kumasi.

MTHFR enzayim ne, ɗan ma'aikaci a cikin ƙwayoyin jiki. Yana karɓar folet, wato bitamin B9 (folik asid shi ne nau'insa da ake sha a ƙwayar magani), ya mayar da shi nau'in da ke ɗauke da wani guntun sinadari mai suna metil. Shi kansa sai da B2 yake aiki. Daga nan wani enzayim ɗin, da taimakon B12, ya ɗauki metil ya liƙa wa wani sinadari mai suna homosistin, sai ya zama wani da ake kira metiyonin. Metiyonin kuma ya koma sinadarin SAM, shi ne mai rabon metil ko'ina a jiki, har kan DNA, wato ƙwayar gado, inda yake zama kamar alamar alli a ƙofa: nan a rufe tukuna. In MTHFR ya yi sanyi, homosistin kan ƙaru a jini.

Sauyin ƙwayar gadon MTHFR da ake ta surutu a kansa, mai suna C677T, a 1995 aka bayyana shi a Kanada. Wanda ya gada ta uwa da uba, ƙarfin enzayim ɗinsa kan sauka zuwa kusan kashi 30 cikin 100. Mu 'yan Afirka ta Yamma da wuya a same mu da hakan, ya fi yawa a Meziko da Italiya. Mai shi ma, folik asid yana yi mata aiki.

Abin da ya sa na matsa: lakar bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa suna tashi ne daga wani bututu da ke rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. Folik asid na taimaka wa bututun ya rufe; in bai rufe ba, sai a haifi yaro da lalura. Na taɓa karɓar haihuwar wani yaro, ƙyaƙƙyawa, da ƙullutu a gadon bayansa kamar lemun tsami, ƙafafun ba motsi. Uwar ta riƙe hannuna tana tambaya ko wani abu ta ci. Har yau ina jin muryarta.

Ki sha folik asid maikirogiram 400 kullum tun kafin ciki. Ki ƙara da wake, gyaɗa, ƙwai, zogale, da miyar kontomire (ganyen gwaza) ko ayoyo, amma kada ganyen ya daɗe a wuta, zafi na kashe folet. In an taɓa haifar yaro mai irin wannan lalura a wajenki, ki faɗa wa likita, adadinki daban ne. Allah ya ba ki masu albarka.