Ga ɗan'uwan da ncu -u ya wargaza wa aiki

Sannu ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ka ce ka buga `ncu -u` (npm-check-updates, mai ɗaga lambobin sigogin fakitocin aikinka), ka bi shi da `npm install` don girka su, sai kuskuren ERESOLVE (rikicin sigogi tsakanin fakitoci) ya tare ka. Wani ya ce ka goge package-lock.json (fayil ɗin lock, mai riƙe ainihin sigogin da aka girka) ka sa `--force`, yanzu manhajar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ga mai aiki yana ta kira. Na san wannan tashin hankalin, kuma wallahi raina yana ɓaci duk sanda na ga an sake jefa wani a ciki.

Fara komawa inda ka baro. In aikin yana cikin git (mai adana tarihin canje-canjen aiki), buga `git checkout -- package.json package-lock.json`, sannan `npm ci`. Shi `npm ci` da kansa yake share node_modules, inda fakitocin suke zama, ya girka daidai sigogin da ke rubuce a fayil ɗin lock, ba ƙari ba ragi. Da yardar Allah aikin zai tashi kamar jiya.

Shi kuwa wanda ya ba ka waccan shawarar bai kyauta maka ba, kuma irinsu suna da yawa. Mutum bai karanta kuskuren ba, bai tambayi sigar Node ɗinka (manhajar da ke gudanar da JavaScript) ba, sai kawai "goge lock". Wannan fayil shi kaɗai ne shaidar haɗin da ya taɓa yi maka aiki, har da ɗaruruwan ƙananan fakitoci da ba kai ka zaɓe su ba. A Janairun 2022, da aka fitar da gurɓatacciyar sigar fakitin colors, waɗanda ke girkawa daga lock ba ta same su ba. Kuma idan aikin ya faɗi ba mai shawarar ne zai tsaya gaban mai kuɗi yana ba da haƙuri ba, kai ne. Haka `npm audit fix --force`, mai gyaran gargaɗin tsaro: yana iya tsallaka da kai babbar siga, wani lokacin ma ya mayar da kai tsohuwa, don kawai jan rubutu ya ɓace. Abin yana min ciwo, domin masu koyo ne suka fi faɗawa.

Shi ncu ba ya girka komai. Lambobin package.json kawai yake sake rubutawa zuwa na ƙarshe, ba ruwansa da iyakar da alamar ^ ta sa. `^4.2.0` na nufin daga 4.2.0 zuwa duk abin da bai kai 5 ba, kuma `npm update` yana tsayawa nan. In lambar farko ta canja, masu fakitin sun riga sun gaya maka akwai abin da zai karye. Kai kuma ka canja su duka a bugu ɗaya, to yaya za a gane mai laifi?

Buɗe sabon reshe a git. `npm outdated` zai nuna maka Current (wadda ke girke), Wanted (iyakar da package.json ya yarda) da Latest (ta ƙarshe); inda Wanted da Latest suka sha bamban, nan za ka taka a hankali. Yi `ncu -u --target patch` (ƙananan gyare-gyare, lambar ƙarshe), girka, gwada, ka yi commit. Maimaita da `--target minor` (lambar tsakiya). Manyan kuma ɗaya bayan ɗaya, amma waɗanda ke tafiya tare a ɗaga su tare, misali `ncu -u react react-dom`. Karanta bayanin canje-canje kafin ka taɓa. React Router 6 ya cire Switch ya kawo Routes. chalk 5 da node-fetch 3 sun koma ESM zalla, wato tsarin kira da import, in kana kiran su da require a tsohon Node sai ka ga ERR_REQUIRE_ESM. Wanda ba ka shirya masa ba, ka ajiye shi gefe da `--reject`.

ERESOLVE ma ba shirme yake faɗa ba. Duba layin Found da layin peer: wani fakiti ne ke cewa shi da tsohuwar siga yake aiki. Tun daga npm 7 ake tsayawa a kan wannan. `--legacy-peer-deps` rufe ido ne kawai, rigimar tana nan.

Akwai `ncu --doctor -u`, mai ɗaga fakiti, ya gudanar da gwajinka, ya mayar da duk wanda ya karya. Sai dai dole kana da `npm test` na gaske, kuma girkawa yake ta maimaitawa, zai sha maka mega sosai. Mu nan Maradi, da zafi ya shigo wuta ta fara wasa, kada ka fara girka fakitoci masu yawa sai batirin kwamfuta a cike. Sa `--prefer-offline` a kan `npm install` don npm ya ɗauko abin da ya riga ya ajiye. Kuma don Allah kada ka yi wannan aikin a daren da za ka miƙa wa mai shi.

Turo mana abin da `node -v` ya nuna da layukan farko na kuskuren. In webpack 4 (mai haɗa fayilolin manhaja) gare ka a kan Node 17 zuwa sama, kuskuren ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED na iya tare ka a gaba, gara mu duba shi tun yanzu.